ARMENIYAWA: KISHIN ƘASA, TUNA BAYA DA ZAMA DA MAƘWABCI

Duk wanda ya kwana a birnin Erewan, fadar gwamnatin ƙasar Armeniya, in gari ya waye garau, abin da zai fara gani ta wajen kudu shi ne wani gawurtaccen dutse mai farar ƙanƙara bisa kai. Sunansa Ararat, tsayinsa mita 5137. A wajen Kiristoci, a kansa ne jirgin Annabi Nuhu ya tsaya bayan ɗufana. Armeniyawa sun ɗauke shi tamkar uban ƙasarsu: yana cikin tambarin gwamnati, da sunansa ake kiran ƙungiyoyin ƙwallo da shaguna, har da ƴaƴa maza. Amma dutsen nan ba a cikin Armeniya yake ba. Yarjejeniyar Kars ta shekara ta 1921 ta tabbatar da shi cikin iyakar Turkiyya. Ga mutanen Erewan, sai dai gani nan, bari nan.

Wannan dutse ya isa ya nuna wa mai karatu halin da al'ummar nan take ciki. Abin da ta fi ƙauna yana hannun wanda ta fi jin zafinsa. Shi ya sa labarin Armeniyawa ya cancanci a tsaya a kansa, don yana amsa tambayoyi biyu da suka shafi kowace al'umma: me ke riƙe mutane su zama abu guda ko ba su da mulkin kansu, kuma yaya za a so ƙasa ba tare da an ƙi maƙwabci ba?

ƘARAMAR ƘASA, DOGON TARIHI

Armeniya tana cikin duwatsun Kokas, tsakanin Turkiyya, Iran, Jojiya da Azarbaijan. Kamar Nijar, ba ta da gaɓar teku. Faɗinta bai cika murabba'in kilomita dubu 30 ba, watau ba ta kai jihar Maraɗi girma ba, mutanenta kuwa wajen miliyon uku ne. Waɗanda ke zaune a ƙasashen waje sun fi na gida yawa. Su da kansu suna kiran kansu Hay, ƙasarsu kuma Hayastan.

Zama a kan hanyar manyan dauloli ya sa ba su cika samun sakewa ba. Rumawa, Farisawa, Larabawa, Mongol, Turkawa da Rashawa, kowa ya yi zamaninsa a kansu. Masarautarsu ta ƙarshe, wadda ke Silisiya a bakin Bahar Rum, ta faɗi hannun Mamalikan Masar a shekara ta 1375, sarkinta kuma ya mutu a Paris yana gudun hijira. Daga nan sai da suka yi fiye da shekara 500 ba su da ƙasa mai cin gashin kanta. Al'ummu da yawa da suka shiga irin wannan hali sun narke, sunansu ma ya ɓace. Su kuwa ba su narke ba, kuma dalilai biyu ne suka fi taimaka musu.

ADDINI DA BAƘAƘE

Na farko addini. Bisa ga tarihinsu, a shekara ta 301 sarki Tiridat na Uku ya karɓi Kiristanci a hannun wani mai wa'azi da ake kira Girigori, ya mai da shi addinin masarauta. Da wannan suke alfahari cewa su ne ƙasa ta farko da ta yi haka. Ikilisiyarsu tana zaman kanta, ba ta bin Paparoma, shugabanta yana zaune a garin Ecmiyazin. A shekara ta 451 Farisawa suka so tilasta musu addinin Majusu, suka fito yaƙi a filin Abarayir ƙarƙashin jarumi Bardan Mamikoniyan. An ci su, an kashe Bardan, amma turjiyar ba ta tsaya ba sai da Farisa ta bar musu addininsu a shekara ta 484. Har yau suna bikin wannan yaƙi da aka ci su, don a ganinsu sun rasa fili amma sun tsira da kansu.

Na biyu rubutu. Wajen shekara ta 405 wani malamin addini mai suna Mesrob Mashtots ya lura cewa jama'a suna sauraren ibada cikin Girkanci da Suryananci, harsunan da talaka ba ya ji. Sai ya ƙago baƙaƙe 36 da suka dace da muryoyin harshensu, ya tara almajirai, suka fassara Littafi Mai Tsarki, suka buɗe makarantu a lunguna. Baƙaƙen nan ne ake aiki da su har yanzu, da ɗan ƙari kaɗan. Ikilisiyarsu ta sa Mashtots da almajiransa cikin waliyyai, kuma kowace shekara cikin watan Oktoba akwai ranar tunawa da masu fassara. A Erewan akwai wani babban gida mai suna Matenadaran inda ake ajiye dubban littattafan da aka rubuta da hannu, wasunsu ƴan gudun hijira ne suka goyo su a baya, suka bar kayan ɗaki.

Duk inda Ba'armeniye ya sauka, majami'a da makaranta yake fara ginawa. An buga littafinsu na farko da inji a birnin Benis na Italiya a shekara ta 1512, jaridarsu ta farko kuwa a Madras ta ƙasar Indiya ta fito, a 1794. Wanda ya iya karatu da harshen uwarsa, ko an raba shi da gonarsa ba a raba shi da asalinsa ba.

ZAMAN TARE DA YA RUSHE

Mafi yawan Armeniyawa sun yi ƙarnuka a ƙarƙashin Daular Usmaniyya. An bar musu addininsu da shari'arsu ta aure da gado, shugaban ikilisiyarsu na Santambul ne wakilinsu a fada. Cikinsu akwai attajirai, likitoci da gwanayen gini; iyalin Baliyan ne suka gina wa sarakuna fadar Dolmabahce. Har laƙabi aka yi musu, ana ce musu al'umma mai amana. Amma daidaito bai cika ba: shaidarsu ba ta kai ta Musulmi ƙarfi a gaban alƙali ba, manomansu na gabas kuma suna fama da haraji biyu, na gwamnati da na shugabannin ƙabilu masu makamai.

Da daular ta fara raguwa cikin ƙarni na 19, ƙasashen Balkan suna ɓallewa, Musulminsu suna kwararowa cikin wahala, sai tsoro ya shiga zukatan masu mulki. Armeniyawa suka nemi gyara, wasu samarinsu suka kafa jam'iyyun juyin juya hali, ƙasashen Turai kuma suka riƙa sa baki don biyan bukatun kansu. Nan take mai amana ya koma abin zargi. Aka yi kashe-kashe daga 1894 zuwa 1896 a zamanin Sultan Abdulhamid na Biyu, aka sake yi a Adana a 1909.

Babbar masifa ta zo lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Bayan Rasha ta ragargaza rundunar Usmaniyya a Sarikamish a farkon 1915, shugabannin jam'iyyar Matasan Turkawa, su Talat Pasha da Anwar Pasha, suka ɗora laifi kan Armeniyawa baki ɗaya. Ran 24 ga watan Afrilu aka kame marubuta, malamai, likitoci da ƴan majalisarsu a Santambul, aka kashe mafi yawansu. Sannan aka bi gari gari. Maza aka ware aka hallaka, mata da yara da tsofaffi kuma jandarmomi suka kora su a ƙasa zuwa hamadar Sham, wajen Dairuz-Zur, yunwa da ƙishirwa da mahara suna cin su a hanya. Masana tarihi suna ƙiyasta mamatan daga dubu 600 zuwa miliyon ɗaya da rabi, Armeniyawa suna riƙe da adadi na ƙarshe.

Kotun soja ta Usmaniyya da kanta ta yanke wa Talat da Anwar hukuncin kisa a 1919, bayan sun gudu. Mafi yawan masana sun tafi a kan cewa kisan ƙare dangi ne. Faransa ta amince da haka cikin doka a 2001, majalisar Jamus a 2016, shugaban Amurka a 2021. Gwamnatocin Turkiyya sun yarda an yi asarar rayuka mai yawa, amma sun ƙi wannan suna, suna cewa bala'in yaƙi ne da ya ci Musulmi da Kirista.

WAƊANDA SUKA ƘI SA HANNU

Kuskure ne a ɗauki wannan al'amari faɗan Musulunci da Kiristanci kawai. Waɗanda suka tsara shi kishin ƙabila da tsoron rasa mulki ne suka fi tura su, ko da yake sun yi amfani da sunan addini wajen zuga jahilai. Musulmi da dama sun ƙi. Tun a 1909 Shaihun Azhar, Salim al-Bishri, ya yi Allah wadai da kisan Adana. Jalal Bey, gwamnan Halab, ya ƙi bin umurnin kora, aka mai da shi Konya, can ma ya tsare dubban mutane har aka tuɓe shi. Fa'ik Ali Bey ya hana a taɓa Armeniyawan Kutahya. Husaini Nasimi, hakimin Lije, ransa ya bayar: an kira shi, aka kashe shi a hanya. Kurdawan Darsim sun ɓoye masu gudu, Larabawan ƙauye sun ɗauki marayu, Sharif Husaini na Makka kuma ya aika da takarda yana umurtar a kare su kamar yadda mutum ke kare iyalinsa.

Waɗannan mutane ba su da yawa in an gwada da girman ɓarnar, amma sunayensu hujja ne. Sun nuna cewa ma'aikacin gwamnati yana iya cewa a'a, kuma ba a yi wa ƙabila hukunci da laifin shugabanninta.

BAƘUNTA

Waɗanda suka tsira suka watsu cikin duniya. Halab, Bairut, Birnin Ƙudus, Alƙahira da Hartum duk sun karɓe su. A Masar dama suna da tsohon zama, don Nubar Pasha, wanda ya fara riƙe muƙamin firaminista a can a 1878, Ba'armeniye ne. A 1924 Ras Tafari, wanda daga baya ya zama Sarki Haile Selassie, ya ga wasu marayu 40 masu busa da kiɗa a Birnin Ƙudus, ya kai su Adis Ababa suka zama makaɗan fada. Shugabansu, Kebork Nalbandiyan, shi ya tsara kiɗan taken ƙasar Habasha na zamanin sarauta.

Ba ko'ina aka yi musu maraba ba. A Marsai ta Faransa an tara su a sansani, ba su da takardun kowace ƙasa, ana yi musu kallon masu ƙwace aiki. A Fresno ta Amurka akwai unguwannin da aka rubuta cikin takardar sayen gida cewa ba a sayar wa Ba'armeniye. Lokaci ne ya canza wannan. Missak Manouchian, maraya ne na 1915, ya jagoranci wata ƙungiyar baƙi da ta yaƙi ƴan Nazi a Paris. Jamusawa suka lilliƙa hotonsa a bango suna kiransa ɗan ta'adda baƙo, suka harbe shi ran 21 ga Fabrairu 1944. Bayan shekara 80 cif, Faransa ta kai gawarsa Panteyon, makwancin manyan ƙasa. Mawaƙi Charles Aznavour, wanda ya rasu a 2018, ɗan ƴan gudun hijira ne, kuma bai taɓa ganin saɓani tsakanin zama Bafaranshe da zama Ba'armeniye ba.

Amma ciwon da ba a yi wa magani ba yakan yi ruwa. A 1921 wani saurayi, Sogomon Tehliriyan, ya harbe Talat a Balin, kotun Jamus ta sallame shi. Daga 1975 kuma wasu ƙungiyoyin asiri suka shiga kashe jami'an jakadancin Turkiyya, mutanen da mafi yawansu ba a ma haife su ba a 1915. Bam ɗin da aka tayar a filin jirgin sama na Orly a 1983 ya kashe mutum takwas, kuma Armeniyawa da yawa sun yi tir da shi.

LAIFI TUDU NE

Armeniya ta sami ƴanci a 1918, Tarayyar Sobiyet ta haɗiye ta a ƙarshen 1920, ta sake samun kanta a 1991. Kafin nan rikicin Karabak ya kunno kai. Yanki ne mai duwatsu wanda mafi yawan mazaunansa Armeniyawa ne, amma Sobiyet ta sa shi cikin Azarbaijan. A 1988 mutanensa suka nemi haɗewa da Armeniya. Aka far wa Armeniyawa a Sumgayit a wannan shekara, aka sake a Baku a 1990. Su kuma ƴan Azarbaijan da ke zaune a Armeniya tun kaka da kakanni, kusan dukkansu aka tilasta musu tashi.

Yaƙin da ya biyo baya ya ci rayuka wajen dubu 30 kafin a tsagaita wuta a 1994. A watan Fabrairu 1992 mayaƙan Armeniyawa sun kashe fararen hula masu gudu daga garin Hojali. Azarbaijan ta ce mutum 613 ne. Suka kuma mamaye gundumomi bakwai da ke kewaye da Karabak, fiye da mutum rabin miliyon suka rasa gidajensu, birnin Agdam ya zama kufai. Jikokin waɗanda aka kora sun kori wasu. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

A ɗaya gefen ma ƙiyayya ta yi rassa. A 2004, wajen wani horon soja a Budafes, wani hafsan Azarbaijan ya sare abokin karatunsa Ba'armeniye da gatari yana barci. Da aka mai da shi gida a 2012 sai aka yafe masa, aka ƙara masa girma. Marubuci Akram Aylisli, da ya rubuta labari mai tausaya wa Armeniyawa, an ƙone littattafansa a 2013. Azarbaijan ta ci yaƙin kwana 44 a 2020, sannan a watan Satumba 2023, bayan wata tara da toshe hanya, ta karɓe sauran Karabak. Cikin ƴan kwanaki Armeniyawa fiye da dubu 100 suka fice.

Duk da haka mutanen nan sun daɗe suna cuɗanya. Sayat-Nova, babban mawaƙin Armeniyawa na ƙarni na 18, da harsuna uku ya fi yin waƙa: nasa, na Jojiya da na Azarbaijan. A 1989 ma, ana tsakiyar tashin hankali, Armeniyawan ƙauyen Kerkenj a Azarbaijan da Musulmin ƙauyen Kizil-Shafak a Armeniya suka zauna suka yi musayar ƙauyukansu gida da gida. Sharaɗin da suka fi ƙarfafawa shi ne kowane ɓangare ya kula da maƙabartar ɗayan. Talakawa ne suka ƙulla wannan alkawari, ba da sa hannun wata hukuma ba, kuma an shekara da shekaru ana cika shi.

HRANT DINK

Cikin waɗanda suka yi tunani mai zurfi kan wannan ciwo, babu kamar Hrant Dink. An haife shi a Malatya ta Turkiyya a 1954, ya tashi a gidan marayu na Armeniyawa a Santambul. A 1996 ya kafa jaridar Agos, mai fitowa mako mako da Turkanci da Armeniyanci. Ga Turkawa yana cewa su dubi abin da ya faru a 1915 da idon gaskiya. Ga ƴan uwansa na ƙasashen waje kuwa yana cewa sun bar ƙin Baturke ya zama ginshiƙin asalinsu, wannan kuwa guba ce a jikinsu. Gara su mai da hankali ga raya harshensu da taimakon ƙasar Armeniya mai rai. Da majalisar Faransa ta so hukunta duk wanda ya musanta kisan ƙare dangin, a 2006, ya ƙi goyon baya, don a ganinsa ba a cusa gaskiya da sanda.

Aka murɗe maganarsa ta guba, aka ce ya zagi jinin Turkawa. A 2005 kotu ta yanke masa ɗaurin wata shida na jeka-ka-gyara-halinka. Ran 19 ga Janairu 2007 wani yaro ɗan shekara 17 ya harbe shi a ƙofar jaridarsa. Daga baya aka ga hotunan jami'an tsaro suna tsaye da yaron, riƙe da tutar ƙasa. A 2010 kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ce hukuma ta san da makircin, ba ta kare shi ba.

Amma ranar jana'izarsa an ga abin da ba a taɓa gani ba. Mutane wajen dubu 100, mafi yawansu Turkawa Musulmi, suka cika titunan Santambul ɗauke da alluna masu cewa: «Dukanmu Hrant ne, dukanmu Armeniyawa ne.» Matarsa Rakel ta yi jawabi, ta ce wanda ya yi kisan ma jariri ne wata rana, don haka abin tuhuma shi ne duhun da ke mai da jariri mai kisan kai. A 2008 Turkawa wajen dubu 30 suka sa hannu a takardar neman gafarar Armeniyawa, kuma Hasan Jamal, jikan Jamal Pasha, ɗaya daga cikin shugabannin 1915, ya je Erewan ya ajiye furanni a wurin tunawa da mamatan.

WACE ARMENIYA?

Bayan faɗuwar Karabak muhawara ta koma cikin gida. Firaminista Nikol Pashinyan ya fito da ra'ayin da ya kira Armeniya ta zahiri: a so ƙasar da ke hannu, mai iyakoki sanannu, a daina rayuwa cikin mafarkin tsohuwar Armeniya mai faɗi. Masu adawa da shi, har da manyan ikilisiya da jama'a da yawa na ƙasashen waje, suka ce wannan sallama ce, kuma al'ummar da ta manta kaburburanta ta kashe kanta da kanta. A watan Agusta 2025, a Washinton, shugabannin Armeniya da Azarbaijan suka amince da daftarin yarjejeniyar zaman lafiya. Iyakar da Turkiyya ta rufe a 1993 kuwa, sai da ta shekara 30 kafin mota ta ƙetare ta: a watan Fabrairu 2023 aka buɗe gadar Margara don motocin agajin Armeniya su kai kaya ga Turkawan da girgizar ƙasa ta shafa.

Kowane ɓangare na muhawarar yana da abin kamawa. Ba a ce wa wanda aka kashe wa kakanni ya manta, kuma sulhun da aka gina kan musun gaskiya ba ya ƙarko. Amma tarihin Armeniyawa da kansa ya nuna abin da ya raya su shekara 1600: baƙaƙen Mashtots, majami'a da makaranta, da uwar da ke koya wa ɗanta harshe a baƙon gari. Ƙiyayya ba ta cikin wannan lissafi, kuma duk lokacin da ta karɓi ragama, a kowane gefen iyaka, talaka ne ya ɗauki kaya a ka ya bar gidansa. Kowace shekara, ran 24 ga Afrilu, dubun dubatar mutane suna hawa tudun Tsitsarnakabad a Erewan su ajiye furanni a bakin wutar da ba ta mutuwa. Yaran da ke riƙe da hannun iyayensu a wannan rana su ne za su zauna da Turkawa da ƴan Azarbaijan gobe, don ana canza aboki amma ƙasa ba ta canza maƙwabci. Abin da aka faɗa musu a kan hanyar hawa tudun, game da Talat da kuma game da Jalal Bey, shi zai yanke irin zaman da za su yi.